Zafin Jikin Mazan Gidanmu

Bana azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, daidai lokacin da shinkafar rani ta nuna, kuma tun da aka ga wata hankalina bai kwanta ba. Kowace safiya kafin ɗana Audi ya fita fadama sai na nemi dalilin taɓa shi. In ce wuyan rigarsa ya naɗe, ko in ce akwai ƙaiƙayi a kansa. Abin da nake so kawai tafin hannuna ya sauka a bayan wuyansa in ji yadda jikinsa yake. Ya riga ya gane. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma sai ya sunkuyo ya ce, "To taɓa, Inna, ki bar ni in tafi."

An san ni da yawan damuwa, ban kuwa musa ba. Nakan sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu, nakan dawo daga hanya in duba ko na kashe murhu. Amma wannan damuwar da tushenta. Azumi yana zagayawa cikin shekara, ya bi sanyi, ya bi damina, yau ga shi ya dawo inda na san shi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin ina amarya a wannan gida da cikin Audi a jikina.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Gaya da Tounouga. Daminar da ta gabaci waccan shekara ba ta yi kirki ba. Gero ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke, kan ya tsaya fayau. Kafin bazara ta shigo, sai mutum ya shiga cikin rumbu da ƙafarsa sannan ya samo dami. Surukata, wadda muke kira Iya, ita ke auna hatsi, kuma kullum ƙwaryar awon tana ƙara ramewa. Muka koma ga muruci da garin rogo da ake kawowa daga Malanville, da ganyen zogale da ɗan ƙuli-ƙuli. Mangwaro ya taimaka, sai dai ba ya riƙe ciki. Abin da dukan gidan ya zuba wa ido shi ne shinkafar da ke fadama.

Zafin ƙasarmu ba irin na arewa ba ne mai busar da mutum. Namu jiƙa mutum yake yi. Kogi ya janye ya bar laka tana wari, iska ta tsaya cik, ko ganyen giginya ba ya motsi. Ka yi wanka ka fito, kafin ka ɗaura zane gumi ya sake wanke ka. Ruwan randa kansa ɗumi gare shi. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya.

Haka muke yini. Mu tashi sahur mu sha kunu tsararo da ɗan abin da ya kwana. Gari na wayewa a tafi korar tsuntsu, don jan-baki ya gano shinkafar, yana sauka kamar hayaƙi. Mu ɗaura gwangwanaye a igiya mu yi ta ja, mu yi ta ihu da busasshen maƙogwaro har muryar ta dushe. Rana ta take, kowa ya nemi gindin mangwaro ya kwanta kamar an jefar da shi. La'asar mu mata mu koma ga turmi da tsamiya. In an kira magariba ba ka jin maganar kowa, sai ƙarar haɗiyar ruwa.

Maigidana, uban Audi, ba na faɗin sunansa ko a rubuce. Makaɗa suna kiransa Garwashi. Mazan gidansu an san su da abu biyu: ƙarfin aiki da zafin jiki. Ko da sanyi, in ka zauna kusa da shi kamar ka zauna kusa da murhu. Kuma jijiya takan ɗaure masa. In ya yini yana aiki, sai ƙwaurinsa ya tattare ya yi tauri kamar icce, in yi ta murza masa da man kaɗe yana cije leɓe. Wata rana bayan aikin haƙar magudanar ruwa na ga inda ya yi fitsari a bayan gida, baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Na tsorata na gaya wa Iya.

Ta ce, "Gadonsu ne, ɗiyata. Ubansu ma haka yake. Ƙarfi ne ke fita."

Uban nasu kuwa a gonar gero ya faɗi tun suna yara, rana tsaka, bai tashi ba. Abin da gidan ya riƙe game da mutuwarsa shi ne an bar shi a fili, iska ta shige shi yana cikin gumi. Iya takan ce da an kai shi ɗaki da wuri an lulluɓe shi ya yi gumin ya fita, da yana nan. Ta sha faɗin wannan magana, kowa a gidan ya haddace ta.

Azumi ya yi nisa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma. Ya taso baƙi, ya yi ruri, ya watse. Kowa ya san wata rana ba zai watse ba, kuma in ruwan farko ya sami shinkafa a tsaye, iska za ta kwantar da ita cikin laka. Yaya Garba, wan maigidana, shi ne babba a gidan. Ya ce a kira gayya. Liman ya ce gayya cikin azumi da wannan rana ganganci ne, a bari a riƙa yanka da sassafe kaɗan-kaɗan. Yaya Garba ya nuna masa gabas ya ce, "Malam, gaya ma wancan ya jira." Aka sa rana. Aka kuma kira makaɗi, ko da yake liman ya ɓata fuska, don an ce in babu ganga ba za a gama ba.

Ranar, tun da hantsi sama ta yi fari kamar ƙarfen da aka goge. Maza suka jeru da lauje, mu mata muna binsu a baya muna ɗaure dami muna kaiwa tudu. Ba fura, ba ruwa. Abincin gayyar sai an sha ruwa za a ci. Wasu sukan tsoma rawani a magudana su ɗora a kai. Mazan gidanmu ba sa yin haka. A wurinsu ruwan sanyi a kan jiki mai zafi shi ke daskarar da jini ya shanye ɓarin jiki.

Makaɗin ya san aikinsa. In ya ga layi ya yi sanyi sai ya matsa bayan maigidana ya ɗaga murya: "Garwashi! Ina mai taɓa ka? Rana ta gan ka ta nemi inuwa!" Samari su yi shewa. Shi kuwa ya ƙara sunkuyawa, laujensa yana walƙiya, ya bar na kusa da shi a baya. Wani abokin wasansa ya ce, "Kai, bar muna kaɗan mana, ko kai kaɗai aka gayyata?" Ya juyo yana dariya ya ce, "In kun gaji ku je ku taya mata ɗaurin dami." Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji da dariya a ciki.

Bayan azahar na lura tafiyarsa ta sake. Yana ɗaga ƙafa kamar an ɗaura mata dutse. Na matsa kusa, abin da amarya ba ta yi a gaban mutane, na ce a hankali, "Ka huta." Bai dube ni ba. Numfashinsa yana fita da sauri kamar na kare. Can sai ya tsaya a sunkuye, bai miƙe ba, bai ci gaba ba. Lauje yana hannunsa, yatsun sun ƙage a kan ƙotar. Sannan ya kife.

Da na taɓa shi na janye hannu. Na taɓa masu zazzaɓi da yawa, ban taɓa jin irin wannan ba. Kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Duk naman jikinsa ya sandare yana rawa, haƙoransa sun datse. Maza biyu suka yi ta fama kafin su ɓanɓare laujen.

Yaya Garba ya ce, "Maza a kai shi ɗaki! Kada iska ta same shi kamar Baba!"

Suka ɗauke shi. Suka tsallaka magudanar ruwa da shi, suka bi bakin kogi da shi har gida, ruwa yana gefensu duk tsawon hanyar. Iya ta riga ta ji. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta, ta fito da bargon ulu da gwado biyu. Yaya Garba da kansa ya ɗebo garwashi a kasko ya zuba turare, ya rufe taga da tsumma, ya ja ƙofa. Ba mugunta a ciki ko kaɗan. Yana yi yana cewa, "Wanga karo ba mu yin sakaci."

Ni dai jikina bai ba ni ba. Na jiƙa gefen zanena a randa na shiga na ɗora masa a goshi. Iya ta fizge ta ce, "Ke, kashe min shi za ki yi? Ki bari ya yi gumi!" Na kawo ruwa a ludayi. A lokacin bakinsa ya ɗan saki, idonsa ya buɗe. Ya dubi ludayin, ya dubi hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya kawar da kai. Rana ba ta faɗi ba. Wani tsoho a bakin ƙofa ya ce, "Ku bar shi, saura kaɗan a kira salla."

Aka fitar da ni saboda cikin da ke gare ni. Na zauna a gindin bango da ƙwaryar kunun tsamiya da na dama masa, na rufe ta da faifai, ina kallon inuwa tana tsawo, ina roƙon rana ta yi sauri. Daga fadama ana jin ganga, don sauran mutane sun ci gaba da yanka, hadari kuma ya taso. Kafin ladan ya buɗe baki na ji salatin Iya daga cikin ɗaki.

Waɗanda suka yi masa wanka sun ce har lokacin jikinsa bai huce ba.

Ruwan ya sauko washegari, bayan an dawo daga maƙabarta. Ruwa mai yawa, da iska, har ya kwashe rufin rumbun da ba kome a ciki. Amma shinkafar tana tudu a lulluɓe. Ita aka dafa wa masu zaman makoki. Ita ta riƙe gidan har sabon gero ya fito. Ita na ci na haifi Audi, na ci na shayar da shi. Kowace loma sai na tuna, kuma ban bar ci ba, don yunwa ba ta bar mini zaɓi ba.

Yaya Garba ya riƙe mu riƙon gaskiya. Bai taɓa bambanta Audi da nasa ba. Iya ta rasu tana cewa an yi wa ɗanta duk abin da ya kamata, kwana ne ya ƙare. Audi ya tashi da jikin ubansa sak: faɗin kafaɗa, zafin fata, ɗaurewar jijiya bayan aiki. Ranar da na fara murza masa ƙwauri da man kaɗe sai da na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Shekarun baya kaɗan ƙaba ta fito masa, aka tura mu babban asibiti a Dosso a yi masa aiki. Lokotoron, wato likitar da ke sa barci, mace ce, ba ta kai Audi shekaru ba. Ta tambaya ko a danginsu akwai wanda aka taɓa sa wa barci bai farka ba. Audi ya ce babu, ba wanda aka taɓa yi wa aiki ma. Ni kuwa da ba na iya barin magana rabi, na ce babu, amma akwai waɗanda rana ta kashe. Audi ya harare ni ya ce, "Inna, mi ya kawo wagga magana nan?" Ita kuwa ta ajiye abin rubutunta ta ce, "Faɗa mini duka, Mama."

Na faɗa mata. Sandarewar, zafin, baƙin fitsarin, uba da kaka. Ta yi mini bayani, na kuma sa ta maimaita har sai da na riƙe.

Ta ce naman jiki zare-zare ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowane zare akwai ɗan rumbu da jiki ke ajiye wani sinadari mai suna kalsiyom, irin wanda ke cikin ƙashi. Rumbun yana da ƙofofi. In mutum ya so ɗaga hannu, saƙo ya biyo jijiya ya iso, ƙofar ta buɗe, kalsiyom ya fito, naman ya tattare. Sai ƙofar ta rufe, a mayar da shi rumbu, naman ya saki. Haka ake yi a kowane motsi, har bugun zuciya da nata irin ƙofofin. Ta faɗi sunan ƙofar da Faransanci, ɗan karatun bokon da na yi a lakkol bai isa in riƙe shi ba. Ta ce a wasu gidaje ana gadon ƙofar da ba ta kamawa da kyau. Yau da kullum ba a ganewa. Amma in zafi ya haɗu da aiki mai tsanani da ƙishirwa, ko aka shaƙa wa mutum wani irin iskar sa barci, sai ƙofofin su wangale su ƙi rufuwa. Naman ya tattare ya kasa saki, ya yi ta cin wuta a tsaye, har ya fara narkewa ya fita ta fitsari.

Na tuna ƙofar magudanar fadamarmu, ranar da ta maƙale a buɗe ruwa ya cinye gonaki uku. Na gaya mata. Ta ce kusan haka ne.

Ta ce ba za ta rantse shi ne ba, don gwajin da ke tabbatarwa ba a yinsa a nan, kuma maganin da ke tura ƙofar ta rufe yana da wuyar samu. Amma ba za ta shaƙa masa waccan iskar ba, allura za ta yi masa a baya. Haka aka yi, ya tashi lafiya. Kafin mu fito ta ce in ya taɓa sandarewa a rana, a kai shi inuwa, a tuɓe shi, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, in yana iya haɗiya a ba shi ya sha, a garzayo asibiti.

Na ce, "Ruwan sanyi? A kan jiki mai zafi?"

Ta ce, "Mafi sanyin da kuka samu."

Na ce, "Da an yi wa ubansa haka, da ya rayu?"

Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Wataƙila. Wataƙila kuma a'a."

Ban gaya wa Yaya Garba ba. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya mutu, na ga ba amfanin ɗora masa. Abin da na yi shi ne na bi malamai uku, kowanne daban, na tambaye su hukuncin mai azumin da ƙishirwa za ta halaka. Duka suka ce ya sha ya rama. Na ƙara tambayar na huɗu don in tabbata.

Yanzu abubuwa sun sake. Inji ke jawo ruwa, ana sayar da ƙanƙara a bakin hanya, kowa da waya a aljihu, ba a kiran makaɗi. Amma lauje yana nan, rana tana nan, hadari kuma bai koyi jira ba. Makon jiya ya fara haɗuwa a gabas, Audi ya tara abokansa su yanke shinkafarsa. Na bi su da bido biyu na ruwa, wato jarkoki, a kan amalanke, da ƙanƙara a naɗe cikin buhu. Samarin suna ta tsokanata: "Inna ta zo buɗe shago a fadama!" Yaya Garba ma ya dogara sandarsa ya zo ya zauna a gindin mangwaro, don ba ya iya zama gida ranar yanka.

Bayan azahar na ga Audi yana ɗaga ƙafa kamar an ɗaura mata dutse.

Ban jira ya faɗi ba. Na shiga laka da zanena na kama shi. Wuyansa ya ƙona mini hannu. Ya ce, "Inna, sake ni, jijiya ce kawai," amma yatsunsa sun ƙi sakin laujen. Na yi wa samarin tsawa irin wadda ban san ina da ita ba, suka ɗauke shi zuwa inuwa. Na yage rigarsa na juye masa bido guda tun daga kai.

Yaya Garba ya miƙe ya ce, "Dije! Kin haukace? Za ki shanye mishi jiki! Ku kawo bargo, ku kai shi ɗaki!"

Na ce, "Yaya, ka yi mini gafara, yau ba a rufe shi."

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da na shigo gidan. Na sa ƙanƙara a hammatarsa da wuyansa, samari suna fifita da faifai da riguna, wani yana ɗebo ruwa daga magudana. Na kai masa kofi baki. Ya dubi rana ya kawar da kai, daidai yadda ubansa ya yi.

Na ce, "Na tambayi malamai huɗu. Sha. In da zunubi a kaina."

Ya ce, "Inna, saura kaɗan."

Na ce, "Haka aka ce ma ubanka."

Ya sha. Aka kira mota ta waya, muka kai shi asibitin Gaya. Fitsarinsa ya fito baƙi, suka yi ta ƙara masa ruwa ta jijiya har ya washe. Sun ce ƙodarsa ta ji jiki, sai an riƙa dubawa, kuma aikin rana tsaka ya ƙare masa. Yana gida yanzu, a kwance, yana fushi da kowa. Rabin shinkafarsa tana tsaye.

Ranar da muka dawo, bayan an sha ruwa, Yaya Garba ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, kunun gabansa bai taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi.

Sannan ya ce, "Dije, ashe ruwa ne?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Ta bakin kogi muka bi da shi. Ni na riƙe kansa. Ni na ɗebo wutar." Ya juyo da idonsa mai gani. "Da mun tsoma shi, da yana nan?"

Na so in ce a'a, kwana ne ya ƙare, kamar yadda Iya take faɗi. Kalmar tana bakina. Amma watan azumi ne, kuma ban san haka ba. Na ce, "Na tambayi lokotoro. Ta ce ba ta sani ba. Wataƙila, wataƙila kuma a'a."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in tashi in tafi.

Washegari 'ya'yan Yaya Garba maza biyu suka fita ƙarasa yankan shinkafar Audi. Su ma jinin gidan ne, su ma fatarsu da zafi. Da na isa fadama da amalankena na tarar an riga ni. Yaya Garba yana zaune a gindin mangwaro, leɓensa ya bushe ya tsage, bido biyu cike da ruwa a gabansa, ya ɗora hannu a kan murfin ɗaya. Bai dube ni ba. Idonsa yana kan ƙafafun 'ya'yansa.